Shekara Goma Sha Tara

Takardar tana nan har yau, sai dai ba a hannuna take ba. Ni na rubuta ta da alƙalamin tawada a kan falle ɗaya mai layi, ni kuma na ja layi biyu da rula a ƙarƙashin amsar, yadda aka koya mana a makarantar mishan. Amsar ita ce shekara goma sha tara. Wadda aka yi lissafin a kanta ita ta ɗauke takardar tun ranar, kuma labarinta nake so in bayar.

'Yar ƙanena ce. A gida ana kiranta Me-ya-sa, domin tun tana koyon magana ba ta da abin faɗi da ya wuce wannan. A ce mata zauna, ta ce me ya sa. A ce mata an ɗauke wuta, ta ce me ya sa. Ubanta mai walda ne, yana ƙera ƙofofi da tagogin ƙarfe a wata rumfa da ke bakin titi, kuma mutum ne da ba ya son a tambaye shi abu sau biyu. Mu biyu ne maza a wurin mahaifinmu. Ni aka kai makaranta, shi aka kai koyon sana'a. Na yi shekara talatin da huɗu ina akawu a gidan waya, shi ya sa duk abin da ya shafi takarda a danginmu, a teburina yake ƙarewa.

Da jami'a ta ɗauke ta, uban ya zo ɗakina da takardar a naɗe cikin aljihu, gefenta ya yi baƙi da yatsunsa.

"Yaya, karanta mini wannan."

Na karanta. An ba ta ilimin zamantakewar al'umma, abin da suke kira soshiyoloji.

"To in an gama shi, me mutum yake zama?"

Na ce ana nazarin yadda mutane suke zaune ne.

"A zaune suke mana. Sai an biya kuɗi shekara huɗu kafin a san haka? Likita na san shi, lauya na san shi. Wannan fa, a ina ofishinsu yake?" Ya goge hannu a riga. "Ka yi mini lissafi, Yaya. In zai biya kansa, in sani. In ba zai biya ba, yayanta yana neman mai zama masa a kanti."

Yayan nata yana da kantin fenti, kuma kantin yana tafiya.

Kwana biyu na yi a kan lissafin, kuma ban yi ha'inci ba. A hagu na jera kuɗin makaranta na shekara huɗu, da na ɗaki, da littattafai, da mota. Na ƙara albashin da za ta samu a kanti a waɗannan shekarun da ba ta tafi ba, domin shi ma asara ce ko da ba a ganinta. Na ƙara shekara biyu na zaman jiran aiki. A dama na sa bambancin da ke tsakanin albashin ƙaramin ma'aikaci mai digiri da na mai tsaron kanti. Na raba. Na sake rabawa don tabbatarwa. Malaminmu na lissafi a mishan yakan ce wanda bai gwada amsarsa ba bai gama aiki ba, kuma yakan faɗa ne da rula a hannu.

A tsaye ta karanta takardar a gaban ubanta, daga sama har ƙasa, tana bin lambobin da yatsa.

"Baffa, me ya sa ka sa shekara biyu na jira?"

"Haka na ga ana yi."

"To. Lissafinka daidai ne." Ta linke ta gida huɗu. "Zan tafi."

Uban ya miƙe. "Kin ji abin da aka ce kuwa? Shekara goma sha tara kafin kuɗin ya dawo!"

"Na ji, Baba. Ina da shekara goma sha takwas yanzu. Kana nufin ba zan kai talatin da bakwai ba?"

Na so in gyara mata, domin lissafin daga ranar kama aiki yake farawa, amma na ga ba lokacin gyara ba ne.

An yi mako uku ana ja. Ta ce ko wanke-wanke za ta yi a ɗakin cin abincin ɗalibai, sai ta tafi. Uwar kuwa ta daina yi wa uban magana sai gaisuwa. A ƙarshe ya sayar da ɗaya daga cikin injinan waldarsa biyu, sabon ma ya sayar, ya kafa sharaɗi a gabana: in ta gama, shekara uku ya ba ta. In karatun bai ciyar da ita ba a cikin shekara ukun nan, ta je kantin yayanta ba tare da gardama ba. Ta ce ta yarda. Yayan kuwa, don tsokana, ya sayi kujera mai juyawa, baƙa, ya ajiye a bayan teburin kantin, ya bar ledarta a jiki. Duk hutun da ta zo gida sai ya buga bayan kujerar.

"Madam digiri, ga kujerarki nan tana jiranki. Ba wanda zai hau."

Ta gama da sakamako mai kyau. Sannan ta zauna. Shekara biyu da wata biyu tana rubuta takardun neman aiki, ina gyara mata waƙafi. Da kunya nake faɗa, amma akwai ranar da na ji wani ɗan daɗi a raina cewa da wata biyu kawai na kuskure. Tsufa ba ya raba mutum da son a ce ya yi daidai.

Saura wata goma wa'adin ya cika ta samu aiki a wani kamfani mai yin binciken jin ta bakin jama'a. An ba su kwangilar bin gidaje a unguwannin gefen gari, su tambayi mutane inda suke samun ruwa, da tsawon lokacin da ɗiba take ci musu, da mutum nawa ne a gida da shekarun kowa. Da amsoshin za a zaɓi inda za a haƙa rijiyoyin burtsatse. Aikin na wata uku ne, kuma an ce waɗanda suka yi kyau za a riƙe su. Su goma sha biyu aka ɗauka, dukansu masu digiri.

Na san aikin sosai, domin ranar Asabar da yamma a teburina take shirya takardunta. A gidansu ko'ina ƙurar ƙarfe ce. Fom ɗin shafi takwas ne, tambaya hamsin da biyu. Tana fita da jakar roba, da fensir uku a fiƙe, da lema, da katin shaida a wuya. Tana kuma da wani ƙaramin littafi nata na kanta, wanda ba wanda ya sa ta, inda take rubuta kamannin kowane gida: ƙofa shuɗiya, tsohuwar taya a kan rufi, kare mai ɗingishi. Wannan ɗabi'ar ta burge ni. A gidan waya haka tsofaffin masu rabon wasiƙa suke yi kafin a zo da lambobi.

Biyan kuwa a kan kowane fom ne. Nan matsalar take. Ita bakwai take cikawa a yini, in ta yi sa'a takwas. Sai ta yi sallama, ta jira a fito, ta bayyana ko ita wace ce, ta saurari ƙorafin da ba ya cikin fom, sannan a fara. Abokan aikinta kuwa ashirin-ashirin suke kawowa.

"Suna da babur ne?" na tambaye ta.

"Suna da bishiya, Baffa."

Ban gane ba sai da ta yi mini bayani. Akwai wata babbar bishiya kusa da tashar mota, da benci a ƙarƙashinta. Sukan shiga gida uku ko huɗu da safe don a gan su, sannan su taru a inuwa su cika sauran daga kansu.

"Ba ki faɗa wa kowa ba?"

"Ni 'yar sanda ce? Kowannensu yana da uban da ya sayar da wani abu. Wanda ya ce a biya mutum da yawan takarda, takarda zai samu. Ni dai ba zan yi ba."

Yayanta ya sami abin dariya. "Nawa aka yi yau, Madam? Bakwai? Ni kafin in buɗe ƙofar kanti na sayar da galan bakwai." Takalminta ya cinye har sau biyu, aka kai wa mai gyara.

A mako na tara aka ba ta wasiƙa. Da rana tsaka ta shigo ɗakina, ba lema, ta ajiye ta a kan tebur. An dakatar da ita. An riƙe kuɗinta gaba ɗaya, na fom ɗari uku da talatin da shida. Dalili: binciken kwamfuta ya nuna alamar ƙirƙira a aikinta. Shekarun mutanen da ta rubuta, shida cikin goma suna ƙarewa da sifiri ko biyar. Talatin, arba'in, hamsin da biyar, sittin. A fom ɗin sauran ma'aikatan kuwa shekarun sun bazu daidai, talatin da bakwai, arba'in da uku, hamsin da ɗaya. An ba ta zaɓi: in ta sa hannu cewa ta yi kuskure, a ba ta rabin kuɗinta ta tafi, a rufe maganar.

Kamfanonin da ke irin wannan aiki ba su da yawa, kuma duk sun san juna. Wadda aka kora da sunan ƙirƙira ba za ta sake riƙe fom ba. Wata takwas ɗin da suka rage mata ba su da sauran amfani. Ni da ita duk mun san abin da ke bayan wasiƙar nan, wato kujera mai leda.

Na sa tabarau, na duba ƙaramin littafinta inda ta kwafe wasu shekarun. Abin da na faɗa a nan shi ne kuskurena na biyu a kanta.

"'Yata, ban ce kin yi ƙarya ba. Amma wannan ba aikin mai hankali ba ne. Mutum sittin, mutum hamsin, mutum arba'in. A mishan, in ka kawo amsa cike da sifiri, malami ya san cinta ka yi. Kin gaji ne kika riƙa kimantawa?"

Ta karɓi littafin daga hannuna.

"Baffa, shekararka nawa?"

"Saba'in da ɗaya, ranar sha ɗaya ga Maris. Yana cikin rajistar makaranta."

"Sa takalminka."

"Ina za mu?"

"Sa takalminka, Baffa."

Rumfar ubanta ta kai ni. Yana durƙushe a kan wata ƙofa, tartsatsi yana tashi. Ta tsaya a kansa har ya ɗaga gilashin fuska.

"Baba, shekararka nawa?"

"Wace irin tambaya ce wannan ina tsakar aiki? Sittin."

"Sittin da uku," na ce. "Ina aji biyu aka haife ka."

"To ai sittin ɗin ke nan da 'yan kai."

Uwar ta kawo masa ruwa a daidai lokacin. Aka tambaye ta, ta ce hamsin.

"Tun kafin yarinyar nan ta shiga jami'a kike hamsin," in ji uban.

"To ka ga na ƙara ne a fuska?"

Me-ya-sa ta ƙwala wa mai facin taya na rumfar gaba kira. Ya ce arba'in. Matar da ta zo karɓar tagarta ta ce talatin da biyar, ta ƙara da cewa ko kusa da haka. Mai gadin shagon katako ya ce saba'in, sannan ya ce a'a, a bar shi a sittin da biyar, saba'in ta yi yawa. Mutum shida ta tambaya a wannan layin. Mutum ɗaya ne, wani telan da ya yi makaranta, ya ce ashirin da takwas.

Ta juyo gare ni. "A shekara ta biyu a jami'a aka koya mana wannan, Baffa. Wanda ba ya yawo da takardar haihuwa, in ka tambaye shi, lamba mai sauƙi zai kama. Ba a nan kaɗai ba, a wurare da yawa haka ne, har suna gare shi a littafi. Mai ƙirƙira shi ne yake tsoron sifiri. Yana zaune a inuwa yana tunanin kar a gane shi, sai ya rubuta talatin da bakwai. Nawa ne na gaskiya. Shi ya sa suka yi muni."

Na cire tabarau na goge, ko da yake ba su yi datti ba. Shekara talatin da huɗu ina karɓar takardu daga hannun mutane ta taga, ban taɓa lura da wannan ba, domin ni kullum takardar nake kallo.

Da uban ya ji labarin wasiƙar, ya ajiye gilashin a ƙasa. Yayan ma ya iso, an kira shi a waya.

"Ki karɓi rabin ki taho," in ji yayan, kuma wannan karon ba da tsokana ya faɗa ba. "Rabi ya fi babu. Su kamfani ne, ke kuma ke kaɗai ce. Zan ba ki fiye da abin da suke ba ki, wallahi."

"Na gode, Yaya. In sa hannu cewa na yi ƙarya, don su biya ni rabin kuɗin gaskiya?"

"Kuskure suka ce."

"To su sa hannu mana, ai nasu ne."

Uban ya ce, "Kin san sharaɗinmu."

"Na sani, Baba. Saura wata takwas. Ba a kai ba tukuna."

Washegari ta zo in buga mata amsa a tsohuwar tafiretata, domin ta ce tana son su ga takarda mai nauyi. Na fara yadda aka koya mini: cikin ladabi da biyayya, ni ƙaramar ma'aikaciyarku nake roƙon.

"Goge, Baffa."

"Haka ake buɗe wasiƙa zuwa ga shugaba."

"Ba roƙo nake yi ba. Rubuta: Ban ƙirƙiri fom ko ɗaya ba, kuma ba zan sa hannu ba. Ina neman a gwada aikina a ƙofar mutanen da na tambaya."

"Shi ke nan? Ko gaisuwa babu?"

"Sa gaisuwar a ƙarshe, in akwai wuri."

Ta ce in raka ta ofishin. Na ce me tsoho zai yi a can. Ta ce tana so su ga mutumin da ya san ranar haihuwarsa, don su san irinmu ba a samun su a kowane layi. Na ɗaura nakatayi a wuya na bi ta.

Ofishin a bene na biyu yake, ɗaki mai tsawo, kwalaye cike da fom jere a bango har kusa da taga, fanka ɗaya tana juyawa da ƙyar. Shugabar aikin mace ce mai tabarau da sarƙa, da alama ba ta samun isasshen barci. A gefenta akwai mai kwamfuta, saurayi mai tsabta, wanda shi ya gano abin da ya ɗauka laifi ne. Ya juyo mana da allon, ya nuna zane biyu. Na sauran ma'aikata a shimfiɗe yake sumul. Na Me-ya-sa kuwa kamar haƙoran zarto.

"Kin gani?" ya ce. "Ba mu da wani abu da ke a rai. Lambobi ne suka yi magana. Mutum goma sha ɗaya sun zo da abu iri ɗaya, ke kaɗai kika bambanta."

"Me ya sa kake ganin goma sha ɗayan ne daidai?"

"Domin haihuwa ba ta zaɓar shekara."

"Haihuwa ba ta zaɓa, amma baki yana zaɓa. Ka taɓa tsayawa a ƙofar wani ka tambaye shi shekarunsa?"

"Ba aikina ba ne."

"Na sani. Nawa ne." Ta juya wurin shugabar. "Ranki ya daɗe, minti biyar nake nema. A kira mini mai gadi da mai shara."

Shugabar ta yi kamar za ta ƙi, sai ta ɗaga kafaɗa ta aika. Mai gadi ya ce hamsin. Mai shara ta ce arba'in, ta tambaya ko za a rage ma'aikata ne. Direban ofis ya leƙo don jin abin da ake yi, aka tambaye shi, ya ce arba'in da biyar, sannan ya zaro lasisinsa ya duba ya ce ashe arba'in da bakwai ne.

"Mutum uku ba hujja ba ne," in ji mai kwamfuta, amma muryarsa ta sauka.

"Gaskiyarka. To ka zaɓi goma daga nawa, da hannunka, idonka a rufe. Ka zaɓi goma daga kowane kwali ka ga dama. Gobe mu je ƙofa-ƙofa. In ba a sami mutanena ba, kar ku ba ni ko rabin, zan sa hannu a kan duk abin da kuka rubuta."

Shugabar ta cire tabarau ta bar su suna lilo. "Kin san abin da kike jawowa? Saura mako uku in miƙa rahoto. In abin da kike nufi gaskiya ne, aikin wata biyu ya rushe."

"Ya riga ya rushe, ranki ya daɗe. Da waɗannan takardun za a haƙa rijiya. Akwai layin da na shiga, mata suna tafiyar awa ɗaya da rabi neman ruwa. Ban san abin da aka rubuta wa layin bayansu a ƙarƙashin bishiya ba."

"Wace bishiya?"

Na dubi Me-ya-sa. Na ga ta ciji leɓe. Ba ta yi niyyar kalmar ta fito ba.

Ban bi su ba washegari, gwiwoyina ba za su iya ba. Direban ne ya ba ni labari daga baya, kuma ya fi ta iya bayarwa. Da ƙaramin littafinta ta riƙa jan su: ga ƙofa shuɗiya, ga taya a kan rufi. Gida tara cikin goma aka sami mutanen, suka maimaita abin da ke cikin fom. Na goman sun tashi, maƙwabciya ta tabbatar. Wata tsohuwa da ta gan ta ta ce, "Ke ce mai tambayar nan da ta ƙi tafiya? Rijiyar fa?" A ɗaya goman kuwa gida biyu aka samu. Adireshi uku sun faɗa a filin ƙwallo. Mai kwamfuta kuwa, in ji direban, da suka dawo shi ya riƙe mata lema.

Ba zan ce abin ya ƙare da daɗi ba. An biya ta kuɗinta cif. An sallami mutum bakwai, ciki har da wata ƙawarta tun daga jami'a, wadda ta tare ta a matakala ta ce mata, "Kin ji daɗi? Ke kaɗai ce mai uba?" Me-ya-sa ta zo ɗakina ranar ta zauna rabin awa. Da ta tashi, ta koma wurin shugabar ta ce a daina biya da yawan fom, a biya da yini, in ba haka ba duk wanda aka ɗauka zai nemi tasa bishiyar. Shugabar ta ce ba ita ke yanke wannan ba. Har yanzu suna kan maganar, kuma na san wadda za ta gaji da farko.

An ba ta aikin duba fom ɗin wasu, kwangilar shekara ɗaya, da albashin wata. Albashin bai kai abin da yayanta yake biyan babban ma'aikacin kantinsa ba.

Ranar da wa'adin shekara uku ya cika, uban ya tara mu a rumfarsa ya ce in sake lissafin. Na riga na yi, yana cikin aljihuna. Da sabon albashin, shekara goma sha shida.

Yayan ya yi dariya har da riƙe ciki. "Duk wannan yaƙin shekara uku kika rage?"

Ta buɗe jakar robarta ta zaro tsohuwar takardata. Ta yi laushi, wurin linkin ya fara yagewa, an manne shi da salatif. Ta ajiye ta a kan ƙofar da uban yake aiki a kai.

"Baba, sharaɗin me ya ce? Ya yi mini arziki, ko ya ciyar da ni?"

Uban ya dube ni. Na ce, "Ya ciyar da ita. A gabana aka yi."

"Yana ciyar da ni. Ina biyan motata, ina sayen takalmina. Injinka kuma zan mayar maka, ko da a shekara ta goma sha shidan ne."

"Na ce ki mayar mini da inji?" Ya ja gilashin ya rufe fuska, ko da yake bai kunna komai ba. Daga bayan gilashin ya ce wa ɗansa, "Kai kuma ka nemi mai zama maka a kanti."

Na ɗauka an gama. Amma ta juya wurin yayan.

"Yaya, kujerar nan tawa ce?"

"Shekara bakwai ina faɗa miki."

"Madalla. A ofis tebur suka ba ni, a kan kwali nake zama."

Kafin ya gane inda ta dosa ta tsallaka titi. Muna tsaye muka ga ta fito daga kantin fenti tana tura kujerar a kan ƙafafunta, ledar tana kaɗawa, yana binta yana cewa ai ba haka yake nufi ba. Ta tsayar da mota, ta sa aka ɗaure kujerar a kan rufi, ta leƙo ta taga.

"Baffa, ka ajiye rularka kusa. Baɗi za ka sake lissafin."